Gidigir: A mayar da manomi gonarsa kafin hadari ya sake haɗowa

Daminar 2024 ta bar wa Nijar tabon da za a daɗe ana tunawa. Alƙaluman ƙarshe da gwamnati ta bayar sun nuna mutum 396 sun rasu, ambaliya kuma ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi. Jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Zinder, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube, kuma kafin dare hotonsa ya zagaya wayoyin 'yan Nijar na gida da na waje. An ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma sun cika da iyalan da suka rasa matsuguni.

Abin da kyamara ta fi ɗauka shi ne ɓarnar birni. Ta ƙauye ba ta cika fitowa a hoto ba: rumbun da ya jiƙe har hatsin ciki ya tsira, irin shuka da aka cinye saboda yunwa, rijiyar garka da ta rufta, akuyar da aka sayar da arha don a sayi tiyar hatsi. Irin wannan asara ba ta ƙarewa ranar da ruwa ya janye. Takan bi iyali zuwa daminar gaba da wadda ke bayanta, har ta kai matashin gidan ya ɗauki jaka ya nufi Agadas, Libiya ko Kano.

A ƙasar da kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a suka dogara da noma da kiwo, bai kamata a ce an kammala aikin agaji ba har sai ƙaramin manomi ya koma shuka abin da zai ci. Ƙaramar hukumar Gidigir da ke gundumar Gure misali ce mai kyau na abin da ake nufi, domin a can ruwa da iska da rairayi duk sun haɗu a kan gona ɗaya.

Arzikin da ke cikin kwari

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Zinder zuwa Diffa ya san Gidigir, tsakanin Gidimuni da Gure. Gari ne mai kasuwa, inda Barebari, Hausawa, Fulani da Tubawa ke haɗuwa da dabbobi da amfanin gona. Ruwan saman yankin bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, don haka noman hatsi da wake a kan tudu kullum caca ne. Abin da ya riƙe jama'a tun kaka da kakanni shi ne kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi.

Kwari irin na ƙasar Gure da Maine-Sorowa yana da tsari nasa. Daga baki goriba ce ke kewaye da shi, sai dabino, sai garake inda ake noman rogo, dankali, rake, masara, albasa, kabeji da tumatir, a tsakiya kuma sau da yawa akwai tabki ko filin kanwa. A wasu kwarurrukan ruwan ƙarƙashin ƙasa bai kai zurfin mita ɗaya da rabi ba, a wasu yakan kai huɗu ko fiye. Wannan ruwa shi ne ke bai wa iyali damar samun abinci da ɗan kuɗi a watannin rani, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Mata na saƙa tabarma da igiya da kaba, 'yan kasuwa na lodin kanwa zuwa Najeriya, makiyaya na shayar da dabbobinsu.

Kwari yana da abokan gaba biyu. Na farko rairayi ne da iska ke turowa sannu a hankali har ya binne goriba da dabino. Na biyu ruwan da ya wuce kima. Idan aka yi damina mai nauyi, ruwan ƙasa yakan taso ya kwanta a garake makonni ko watanni, rogo da dankali su ruɓe a cikin ƙasa, bakin rijiya ya zabtare. Bayan ruwan ya ƙafe kuma yakan bar kanwa da gishiri a saman ƙasa, abin da ke ƙona tsiro a shukar da ta biyo baya. Manomin da ya rasa tudu da kwari a shekara guda ba shi da wata madafa.

Guguwar Sahel

Nijar ba ta da teku, don haka ba ta san mahaukaciyar guguwar da ke afka wa tsibiran Karibiyan ko gaɓar Mozambik ba. Sai dai tana da tata. Hadarin farkon damina yakan zo da iska mai ƙarfi daga gabas, wadda ke kwashe rairayi ta tsattsarge ƙananan tsiron hatsi ko ta binne su gaba ɗaya. Manomi a ƙasar Gure zai iya yin shuka sau biyu ko uku kafin ta kama, kuma kowace maimaitawa tana cin iri da kwanakin da damina ba ta da yawansu. Iskar kan yaye rufin rumbu, ta karya dabino, ta kwantar da shinge.

Masana sun tabbatar da abin da tsofaffi ke faɗa cewa hadarin yanzu ya fi na da fushi. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa yawan manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982, kuma an danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Tarihin 'yan shekarun nan ya bi wannan layi. An yi mummunar ambaliya a 2020, aka sake yi a 2022 inda kusan mutum 200 suka rasu, sannan 2024 ta zarce su duka. A watan Satumbar shekarar ne kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, maƙwabciyar ƙasar Manga.

Kuma ruwan 2024 bai zo ba-zata ba. Tun watan Afrilu masana yanayi na yankin, ciki har da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, sun yi hasashen damina mai ruwa fiye da yadda aka saba a Sahel. Hasashen ya tsaya a ofisoshi da tarurruka fiye da yadda ya isa kunnen mai garka a cikin kwari. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai an faɗa wa kunnen da harshen da yake ji, a rediyon gari da masallaci da ranar kasuwa, da Hausa da Barbarci da Fulatanci.

Abin da wasu ƙasashe suka koya

Ƙasashen da guguwar teku ke yi wa ɓarna sun riga Nijar shan wannan darasi. A watan Maris na 2019 guguwar Idai ta afka wa yankin Beira na Mozambik ana dab da girbi, ta lalata amfanin gona a fili sama da hekta 700,000. Cikin makonni kaɗan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da gwamnatin ƙasar suka shiga rabon irin masara da wake da fartanya, domin akwai gajeren lokacin shuka na biyu da in ya wuce sai wata shekara. Waɗanda iri ya isa gare su a kan kari sun samu abin kai wa baki bayan 'yan watanni. A Jamaika ma, lokacin da guguwar Melissa ta sauka ranar 28 ga Oktoban 2025, yankin da ya fi ciyar da ƙasar da kayan lambu na cikin waɗanda ta ragargaza, kuma nan take maganar iri da kayan aiki ta zama ta gaba-gaba.

Darasi na biyu ya fito ne daga Amurka ta Tsakiya. Bayan guguwar Mitch ta 1998, an auna gonaki kusan 1,800 a Nikaragua, Honduras da Gwatemala, ana kwatanta na manoman da ke kare ƙasarsu da itatuwa da kunya da ciyawar rufi, da na maƙwabtansu da ba su yi haka ba. Gonakin da aka kare sun riƙe ƙasar sama mai taki da kashi 20 zuwa 40 cikin 100 fiye da sauran, zaizayarsu kuma ta fi sauƙi. Ma'ana, yadda gona za ta farfaɗo bayan bala'i ya danganta da aikin da aka yi mata kafin ya zo.

Iri kafin komai

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna inda kuɗin agaji ya fi amfani. Mutum guda a karkarar Nijar yana buƙatar sama da kilo 200 na hatsi a shekara. Gida mai mutum bakwai yana cin kusan kilo huɗu a rana, don haka buhun shinkafa mai kilo 50 ba ya kai su mako biyu. A gefe guda, hekta ɗaya na hatsi ba ya cin iri fiye da kilo 10, kusan tiya huɗu ke nan, kuma a damina mai matsakaicin kyau yakan ba da kilo 400 zuwa 500. Ba wanda ke cewa a daina rabon abinci, domin mai yunwa zai daka irin da aka ba shi ya yi fura. Abin da ake cewa shi ne a haɗa su biyun a mota ɗaya.

Lokaci shi ne komai. Irin da ya isa ƙauye a tsakiyar Yuli, bayan manomi ya riga ya ci bashi ya shuka abin da ya samu a kasuwa, sunansa agaji ne kawai a takarda. Irin damina ya kamata ya kasance a hannun manoma kafin ƙarshen Mayu, na noman rani kuma kafin ƙarshen Oktoba. Wannan na nufin a yi ƙidaya da saye da dako tun watanni kafin nan.

Nau'in irin ma abin dubawa ne. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun samar da hatsi mai saurin nuna, kamar HKP da ke isa girbi cikin wata uku ko ƙasa da haka, da Chakti da aka fitar a 2018, wanda ke nuna cikin kusan kwana 70 kuma yana da sinadarin ƙarfe mai amfani ga mata da yara. Akwai kuma wake mai gajeren zango. Irin waɗannan su ne ke ceton wanda iska ta binne masa shukar farko. Amma manoman ƙasar Gure suna da nasu irin na gado da ya saba da rairayinsu, kuma kuskure ne a zubo musu wani daga nesa ba tare da an tambaye su ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce kasuwar iri, inda za a bai wa manomi takardar saye ya zaɓa da kansa daga hannun masu samar da iri na yankin. Ta haka kuɗin ma ya tsaya a cikin gari.

Rogo da dankali da rake kuwa ba a shuka su da ƙwaya. Sanda da yaɗo ake dasawa, kuma ba sa jure doguwar tafiya ko ajiya. Idan ruwa ya cinye garaken kwari guda, dole a samo dashen daga wani kwarin da ya tsira. Ƙaramar hukuma da malaman gona za su iya ware 'yan filaye a wurare masu ɗan tudu don renon dashe. Aiki ne mai arha da ba ya jiran Yamai.

A gyara garka, a tsayar da rairayi

Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani da ƙarfi, kuma tun daga lokacin garka ta zama hanyar cike giɓin damina a Nijar. Shekarar ambaliya tana da alheri ɗaya, tabkuna sun cika, ruwan ƙasa ya matso. Wanda ke da rijiya mai kyau da shinge da iri zai iya mayar da wani ɓangare na asararsa kafin bazara. Abin da ke hana shi sau da yawa ƙananan abubuwa ne, kamar ƙawanyar siminti ga rijiyar da ta rufta, tiyo, injin ban-ruwa, ko waya ta kare garka daga dabbobi. Gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024 don taimaka wa masu sake gini, kuma zai yi kyau a riƙa lissafa rijiyar garka cikin abubuwan da ake sake ginawa.

Hukumomin yanzu sun sa babban shirin noman ban-ruwa a gaba, da manyan filaye da madatsu. Shiri ne mai ma'ana ga ƙasar da ke sayo shinkafa daga waje. Sai dai mai rabin hekta a kwarin Gidigir ba ya cikin irin wannan lissafi, alhali shi ne ke kawo rogo da albasa kasuwar mako. Kaso kaɗan na kuɗin manyan ayyuka zai gyara ɗaruruwan garake.

Famfo mai aiki da hasken rana ya fara yaɗuwa, kuma yana rage wa manomi kuɗin mai. Amma yana buƙatar hattara. Ruwan kwari ba kogi ba ne. Idan kowa ya kafa famfo yana ja daga safe zuwa yamma, ruwan zai yi ƙasa ya bar saiwar dabino, kanwa kuma ta hau. Masu garake a kwari guda suna buƙatar yarjejeniya a kan yawan famfo da lokacin ban-ruwa, tare da auna zurfin rijiyoyi a kai a kai.

A kan tudu kuma maganar ita ce tsayar da rairayi. An san yadda ake yi: a kafa shinge da kara ko kaba ko rassa a jere a gaban iska, a dasa itatuwa da ciyawa a tsakani, a hana kiwo a wurin na 'yan shekaru. Shirin PLECO na yaƙi da binnewar kwarurruka ya yi wannan aiki a gundumomin Gure da Maine-Sorowa a shekarun 2010, kuma jama'ar yankin sun iya shi. Matsalar da aka sha gani ita ce idan shiri ya ƙare, mai gadi ya daina samun albashi, shinge ya zama makamashi. Duk wani sabon aiki ya kamata ya fara da amsa tambayar wa zai mallaki tudun da aka tsayar, wa zai yanki ciyawarsa, wa zai hukunta mai ɓarna. Dokokin karkara sun tanadi hukumomin filaye tun daga matakin ƙauye, kuma aikinsu ke nan. Dole a zauna da makiyaya tun farko, domin tudun da manomi ke son killacewa hanyar garken wani ce.

Nijar tana da abin alfahari a wannan fage. Sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake toho a cikin gona, wanda ya faro daga Maraɗi a shekarun 1980, ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Gawon da ya cika gonakin Magarya, Matamai da Mirya shaida ne. Itace a gona yana karya ƙarfin iska, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Barin karan hatsi a kwance a gona bayan girbi shi ma yana rage kwasar rairayi, duk da cewa talaka yana buƙatar karan don dabba da danni. Nan ne biyan mutane kuɗin aikin gyaran ƙasa a watannin rani ke da amfani biyu, ya hana su sayar da kara, ya kuma rage tafiya ci-rani.

Bashi, akuya da kasuwa

Iyalin da bala'i ya taɓa yakan shiga damina da bashi. Ya karɓi hatsi a bazara lokacin da ya fi tsada, ya biya da kaka lokacin da ya fi arha, wani lokaci ninki biyu. Haka zai sayar da rabin abin da ya noma tun yana kan masussuka, ya dawo saye bayan wata biyar. Tun 1999 aka fara gwada maganin wannan a Nijar ta wani shirin FAO: manoma su ajiye amfaninsu a sito mai makulli biyu, su karɓi rance a kan ajiyar, su sayar idan farashi ya tashi. Tsarin ya yi aiki a inda aka samu sito mai kyau da asusun rance mai gaskiya. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka gwada sosai a Maraɗi, yana kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba. Sito a kan tudu, mai daɓen siminti da rufin da iska ba za ta yaye ba, ya fi rumbu goma da ke bakin kwari.

Dabba ita ce bankin talaka, musamman mata. Wadda ta sayar da awakinta a shekarar wahala ta rasa nonon yara, da taki, da abin fita kunya ranar rashin lafiya. Fulani suna da al'adar habbanaye, a ba mutum aron dabba ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a Maraɗi a 1991 suka bazu har wajen Afirka, sun nuna cewa matan ƙauye sun iya riƙon asusu da bin bashi fiye da manyan ofisoshi da yawa. Ta hannunsu ya kamata rabon awaki ya bi.

Sai maganar farashi. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da shinkafa, hatsi, dawa, masara da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Manufar a bayyane take, a sauƙaƙa wa mai saye bayan tsadar da ta biyo takunkumin ECOWAS da rufe iyakar Benin. Mazauna birni sun ji daɗin saukar farashi, kuma ba laifi ba ne. Amma wake shi ne amfanin da manomin gabashin Damagaram ke sayarwa ya biya bashi, babbar kasuwarsa kuma Najeriya ce. Idan an rufe masa wannan ƙofa, adalci shi ne hukumar OPVN mai kula da rumbun ƙasa ta saya daga hannun ƙungiyoyin manoma kai tsaye, da farashin da aka sanar tun kafin girbi, ta kuma biya a kan lokaci. In ba haka ba, wanda ya noma ne zai ɗauki nauyin arhar da birni ke ci.

Rabon 'yan birni da 'yan ci-rani

Mafi yawan kuɗin da ke shiga ƙauyukan Damagaram a shekarar wahala daga aljihun 'ya'yansu yake fitowa, masu tura baro a Kano, masu gadi a Legas, leburori a Sabha da Tamanraset, ɗalibai da ma'aikata a Yamai da Faransa. Suna turawa ta Nita ko Amana ko ta hannun direba, kuma kusan duka yana tafiya a cefane, magani da biki. Ba wanda zai zarge su. Amma jaka goma da aka tura a watan Afrilu da sunan iri ta fi jaka talatin da za a tura a Agusta don sayen hatsi da tsada.

Akwai abubuwan da ɗan gari zai iya yi daga inda yake. Ya tambayi gida tun rani ko akwai iri a ajiye, kuma wane iri ne. 'Yan ƙauye ɗaya da ke zaune a birni ɗaya su haɗa asusu don abu guda da kowa zai gani, rijiya ko sito ko wayar shinge, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a zauren WhatsApp na gari. Kuɗin ya bi ta hannun kwamitin da mata ke ciki, domin an sha ganin gudummawa ta narke a hannun mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gayya ba baƙuwar al'ada ba ce a ƙasar Hausa da Manga.

Matasan da suka yi karatu suna da nasu aikin. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder da na Jami'ar Diffa za su iya amfani da hutunsu wajen auna rijiyoyi, zana taswirar garaken da ruwa ke kwanciya, da fassara hasashen yanayi zuwa saƙon murya. Akwai kuma sana'a a ciki ga mai neman abin yi: gyaran famfon rana, renon dashe, sarrafa rogo zuwa gari, busar da tumatir, dakon kaya zuwa Zinder. Wanda ke sayen dabino da rake a bakin titi ya riga ya zama abokin cinikin kwari, ko ya sani ko bai sani ba.

Nauyin da ke kan hukuma

Gudummawar 'yan ci-rani ba ta sauke wa gwamnati nauyi. Tun da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, talaka ya rasa kansilan da zai tare a kasuwa ya yi wa ƙorafi. Wannan ya ƙara wajabta bayyana komai a fili. A liƙa sunayen ƙauyukan da suka samu iri da yawan da suka samu a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma, a karanta a rediyon gari, a faɗi ranar da kaya suka iso. Idan ƙidayar ɓarna ta lissafa gidaje da azuzuwa, ta lissafa rumbuna da rijiyoyi da garake.

A matakin duniya, asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a taron Masar na 2022 ya samu alƙawuran kimanin dala miliyan 700 kacal a taron Dubai na 2023, kuɗin da bai kai ɓarnar guguwa guda ba. Nijar, wadda hayaƙin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba, tana da haƙƙin neman kasonta da babbar murya. Amma manomin Gidigir ba zai jira wannan ba, domin ruwan shuka ba ya jiran taro.

Ma'aunin da za a yi wa kowa hukunci da shi ɗaya ne, daga ministan noma zuwa kantoma, daga ƙungiyar agaji zuwa ɗan garin da ke Tripoli. Ranar da ruwan farko ya sauka a ƙasar Gure, gida nawa ne ke da iri a hannu, da na maimaitawa idan iska ta binne na farko? Amsar tana hannun waɗanda za su fara shiri tun rani.